Ƙanena kurma ya ce ba su yarda wanda bai iya maganar hannu ba ya shugabance su, mene ne asalin labarin jami'ar Gallaudet?

Maman Ilham ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya san abin da gaske nake so ya amsa, musamman malaman makarantun kurame, ko su kuramen da kansu in akwai su a nan.

Autanmu kurma ne. Ba haka aka haife shi ba, sanƙarau ne ya kama shi yana ɗan shekara bakwai, Allah ya tashi kafaɗunsa amma ji ya tafi. Yanzu yana wata kwalejin ilimi, yana karantar ilimi na musamman. Da ya zo hutun nan sai muka ga ya canza. Da can yaro ne mai noƙe-noƙe, in baƙi suka zo sai ya shige ɗaki, in muna tafiya a hanya ba ya son a yi masa magana da hannu kada mutane su zuba masa ido. Yanzu kuwa a tsakiyar kasuwa zai tsaya da abokinsa suna ta zuba da hannu, ko a jikinsa. Wannan kam ya yi mini daɗi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a makarantarsu akwai sashen da ke kula da ɗalibai kurame, sai aka kawo masa sabon shugaba wanda bai iya maganar hannu ba. Ɗaliban suka rubuta takardar koke, autan namu yana cikin waɗanda suka sa hannu. Baba ya yi masa faɗa sosai, ya ce karatu aka tura shi ba siyasa ba, kuma mutum ya riƙa gode wa masu taimakonsa. Shi kuma sai ya ɗauko waya ya nuna mana wani tsohon bidiyo na Amurka, ɗalibai cike da titi da kwalaye a hannu, ya rubuta mana cewa wata jami'a ce ta kurame mai suna Gallaudet, a 1988 suka rufe ta ruf don an naɗa musu shugaba mai ji. Ya ƙara da cewa shi yanzu alfahari yake yi da kasancewarsa kurma.

To abu biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko, idan matar da aka naɗa a Gallaudet ɗin ta cancanta, ƙin ta don kawai tana ji ba wariya ba ce? Ai ita ce wariyar da mu muke kukan ana nuna musu. Na biyu, yaya mutum zai yi alfahari da abin da jarrabawa ce daga Allah? Ni na san daren da muka kwana a asibiti a kansa, na san kukan da Inna ta yi ranar da likita ya ce ba zai ƙara ji ba. Ina so in fahimce shi, ba na so in yi masa gardama a kan abin da ban sani ba.

Abu Safwan ya rubuta:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Allah ya saka da alheri da kika zaɓi tambaya maimakon yanke hukunci. Ni ina ji, amma aikina koyar da kurame ne da yi musu tafinta, don haka zan ba ki labarin yadda ya faru, maganar alfahari kuma in bar wa masu ita.

Gallaudet tana birnin Washington. A 1864 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar da ta ba ta ikon ba da digiri, kuma don kurame aka kafa ta tun farko. Gwamnatin Amurka ce ke ba ta kaso mafi yawa na kuɗinta, har yau ma shugaban ƙasa ne ke sa hannu a takardun shaidar waɗanda suka gama. Ki riƙe wannan lissafin: daga 1864 zuwa 1988 shekara 124 ke nan, makarantar tana yaye kurame masu digiri, wasunsu har sun zama daktoci a fannin ilimi, amma ba a taɓa ba ko ɗaya daga cikinsu shugabancinta ba. Kwamitin amintattun da ke naɗa shugaba ma mafi yawansu masu ji ne.

A 1987 shugaban da ke kai, Jerry Lee, ya ajiye aiki. Aka tace masu nema har suka rage uku. Biyu kurame ne: Harvey Corson, wanda ke shugabantar makarantar kurame ta jihar Louisiana, da I. King Jordan, wanda shugaban tsangaya ne a ita Gallaudet ɗin. Ta ukun ita ce Elisabeth Zinser, babbar jami'a a wata jami'a da ke North Carolina. Mace ce mai ilimi da gogewa, wannan ba wanda ya musa. Sai dai ba ta iya yaren kurame ba, ba ta kuma taɓa zama cikinsu ba. Tun kafin a yanke hukunci tsofaffin ɗalibai da ƙungiyar kurame ta ƙasa suka yi ta kira a ba kurma, suka yi gangami ranar 1 ga Maris 1988, har manyan 'yan siyasa irin su George Bush, wanda lokacin mataimakin shugaban ƙasa ne, suka rubuta wasiƙun goyon baya.

Ranar Lahadi 6 ga Maris ɗalibai suka taru suna jiran sanarwa. Ba wanda ya zo ya tsaya gabansu ya faɗa musu, takardar sanarwa kawai aka rarraba cewa Zinser aka zaɓa. A daren suka taka da ƙafa har otal ɗin Mayflower inda 'yan kwamitin suke. A can ne aka ruwaito shugabar kwamitin, Jane Spilman, ta ce kurame ba su kai ga iya tafiyar da al'amura a duniyar masu ji ba. Ita daga baya ta musanta, ta ce tafinta ne bai fassara ta daidai ba. Ni da nake aikin tafinta wannan wurin ne ya fi tsaya mini. Ko da an yarda da uzurinta, ai uzurin nata shi ne hujjar ɗaliban: shekara da shekaru tana cikin kwamitin jami'ar kurame, amma ba za ta iya faɗa wa ɗalibi ɗaya jimla ɗaya da hannunta ba, sai ta hanyar wani.

Washegari Litinin da asuba suka garƙame ƙofofin makarantar, suka jera motoci a bakin ƙofa suka sace iskar tayoyin. Suka fito da buƙatu huɗu: Zinser ta sauka a naɗa kurma, Spilman ta sauka, kashi 51 cikin ɗari na kwamitin su zama kurame, kuma kada a yi wa kowa bi-ta-da-ƙulli, ɗalibi ne ko ma'aikaci. Ɗalibai huɗu ne suka ja ragamar: Greg Hlibok, wanda shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai, sai Tim Rarus, Bridgetta Bourne da Jerry Covell. A ranar ne Spilman ta zo babban ɗakin taro don ta ce hukuncin kwamiti yana nan daram. Tana cikin magana wani ya kunna ƙararrawar gobara. Ta koka cewa ƙara ta hana a yi magana, ɗaliban suka ɗaga hannu suna tambayarta wace ƙara. Su ba abin da ya tsayar da tasu maganar, ita ce ta kasa. Daga nan suka tashi suka fice suka bar ta.

Abin ya bazu cikin kwana biyu. Malaman jami'ar suka kaɗa ƙuri'a suka bi bayan ɗalibai da gagarumin rinjaye, kurame daga wasu jihohi suka riƙa zuwa a motocin safa, jama'a suna aiko da gudummawar kuɗi da abinci. Ranar Laraba aka haɗa Hlibok da Zinser a wani shirin talabijin na dare da duk ƙasar ke kallo. Shi kansa Jordan a ranar Larabar ya fito ya ce yana bayan hukuncin kwamiti, amma washegari Alhamis sai ya janye, ya ce yana tare da buƙatun nan huɗu. A daren Alhamis ɗin, 10 ga wata, Zinser ta yi murabus, kuma ta yi shi cikin mutunci. Ɗalibai ba su buɗe ƙofa ba, tunda rabin buƙata ɗaya aka biya. Ranar Juma'a dubban mutane suka yi tattaki zuwa majalisar dokoki da wani babban ƙyalle da aka rubuta cewa har yanzu suna da mafarki, suna tuna wa mutane jawabin Martin Luther King na 1963. Ranar Lahadi 13 ga Maris aka naɗa Jordan, Spilman ta sauka, Philip Bravin wanda kurma ne ya zama shugaban kwamitin, aka kuma amince da sauran buƙatun. Mako guda cur, ba a rasa rai ba, ba a ƙona gini ba.

Game da wariya kuwa, Hajiya, ki duba ta wannan fuskar. Zinser tana da dubban jami'o'in da za ta iya shugabanta, kuma bayan nan ta je ta shugabanci jami'ar Idaho. Corson da Jordan fa? A wancan zamanin in ba a ba su Gallaudet ba, ba wata jami'a a duniya da za ta ko kira su ganawa. Sannan aikin shugaban jami'a ai magana ce: da ɗalibai, da malamai, da iyaye. Wanda ba ya jin yaren mutanen da zai shugabanta, wani babban sashe na cancantar ne ya rasa.

Shekara biyu bayan haka, a 1990, aka sa hannu a babbar dokar kare haƙƙin masu naƙasa ta Amurka, kuma a shekarar aka yi wata dokar da ta tilasta a riƙa ƙera talabijin masu iya nuna rubutun abin da ake faɗa. An daɗe ana fafutukar waɗannan dokoki, amma makon Gallaudet ya ƙara musu ƙarfi ƙwarai.

Kurman Fagge ya rubuta:

Salam. Yaya Maman Ilham, ni kurma ne, tela ne, ina da mata da 'ya'ya uku, dukkansu suna ji. Malam ya ba da tarihi daidai, Allah ya ƙara sani. Tambayarki ta biyu zan amsa, domin ni ma an sha yi mini ita a gida.

Ba cutar muke alfahari da ita ba. Ni ma zazzaɓi ne ya tafi da jina ina ƙarami, kuma ba na yi wa ɗan kowa fatan sanƙarau, duk lokacin da aka zo rigakafi ni ne na farko wajen kai yarana. Kukan da Inna ta yi kuka ne na gaskiya, kada ƙaninki ya raina shi. Amma ki tambaye shi wane ne ya fi yi masa ciwo, rashin jin ko abin da ya biyo baya. Ni dai zan faɗa miki nawa. Ana zaune ana cin tuwo da dare, kowa ya fashe da dariya, in taɓa na kusa da ni in tambaya me aka ce, sai ya kaɗa hannu alamar bari sai an jima. An jimar nan ba ta taɓa zuwa ba. Aka sa ranar auren yayata, ban sani ba sai da na ga ana shigo da kaya. Mutanen gidanmu suna ƙaunata, ba wanda ya taɓa dukana ko ya hana ni abinci, amma na girma kamar baƙo a gidan ubana.

Ranar da aka kai ni makarantar kurame na ga yara a ƙarƙashin bishiya suna gardamar ƙwallo da hannu, har ɗaya yana tsokanar ɗaya, sauran suna dariya. Ban san yaren ba tukuna, amma cikin 'yan watanni na zama ina ba da labari, ina musu, ina cin gardama. A can na fara sanin cewa ina da wayo. To wannan ne abin alfaharin: muna da yare cikakke, muna da barkwancinmu da labaranmu, muna da jama'a. Duk garin da na sauka in na tarar da kurame, a ranar zan sami wurin kwana. Kowannenmu yana da sunan hannu da 'yan'uwa suka raɗa masa, nawa alamar almakashi ce a gefen kafaɗa. Wanda ya ce yana alfahari da zama kurma, cewa yake yi ya daina jin kunyar yadda Allah ya bar shi. Ni ban ga inda wannan ya saɓa wa yarda da ƙaddara ba, a ganina ma ita ce cikakkiyar yarda.

Kuma ki san cewa yaren nan sai da aka yi yaƙi a kansa. A 1880 malaman kurame suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya, kusan dukkansu masu ji, suka yanke cewa koyar da magana da baki ya fi maganar hannu, a daina amfani da hannu a aji. Shugaban Gallaudet na farko, Edward Gallaudet, yana cikin 'yan tsirarun da suka ƙi yarda. Bayan taron aka kori malamai kurame daga makarantu da yawa a Turai da Amurka, yara suka yi ta shan horo don sun motsa hannu, aka ɓata musu shekaru ana koya musu karanta leɓe. Ki gwada kashe sautin talabijin ki kalli bakin mai karanta labarai, ki ga nawa za ki kama. Sai a 1960 wani malami a Gallaudet, William Stokoe, wanda shi mai ji ne, ya nuna a ilimance cewa maganar hannu yare ce mai nahawunta, ba kwaikwayo ba ce. Shi kuwa taron malaman bai fito ya janye hukuncin Milan a hukumance ba sai 2010. Don haka ɗaliban 1988 ba a kan mace ɗaya suka tashi ba, haushin shekara ɗari ne na masu ji su zauna a ɗaki su yanke abin da ya dace da mu. Shugabannin nan huɗu da Malam ya lissafa duk 'ya'yan kurame ne, a cikin yaren suka tashi, ba a taɓa koya musu cewa su ragaggu ba ne. Shi ya sa ba su ji tsoro ba.

Wani abu kuma da ƙaninki zai so ya sani in bai riga ya sani ba, yaren da ake koya masa a makaranta yana da jiɓi da wannan jami'ar. Baƙar fata na farko da ya gama digiri a Gallaudet shi ne Andrew Foster, a 1954, kuma shi ma sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Mai wa'azin Kirista ne. Ya zo Ghana a 1957, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, ya yi ta buɗe makarantun kurame har sama da talatin a ƙasashen Afirka. Ta hanyarsa alamomin Amurka suka shigo makarantunmu. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a ƙarshen 1987, wata uku kafin zanga-zangar. Addininmu ba ɗaya ba, amma ba na ɓoye cewa kurma ne ya tsallako teku ya buɗe wa kuramen Afirka aji.

Sai dai mu ma ba daga gare shi muka fara ba. Tun kafin boko kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannunsu, wadda har mutanen gari da 'yan kasuwa suke ɗan taɓawa, kuma a Kano akwai sarautar sarkin bebaye tun da daɗewa. Wato kakanninmu ma sun gane cewa in za a yi wa kurame shugaba, daga cikinsu ake ɗaukowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki faɗa wa Baba haka cikin ladabi, ina ga wannan zai fi shigarsa fiye da bidiyon Amurka.

Baban Khalifa ya rubuta:

Na karanta duka, kuma Kurman Fagge ka taɓa mini zuciya, Allah ya albarkaci zuri'a. Amma Malam Abu Safwan, ka tsaya a inda labarin ke da daɗi. A 2006 ai an sake rufe wannan jami'ar, kuma a karon nan wadda aka naɗa kurma ce, Jane Fernandes. Ita da bakinta ta ce laifinta shi ne wai kurumtarta ba ta kai ba, saboda da magana da baki aka rene ta, sai da ta girma ta koyi yaren hannu. Ɗalibai suka kafa tantuna, suka toshe ƙofofi, aka kama mutum 133 a dare ɗaya cikin Oktoba, kuma wanda ya ba da izinin kamun shi ne Jordan, gwarzon 1988. Ƙarshe kwamiti ya soke naɗin nata. Shekarar da ta biyo baya hukumar da ke tantance jami'o'i ta sa makarantar a ƙarƙashin gargaɗi.

Abin da nake tsoro ke nan. Yau a ce sai kurma, gobe a ce sai wanda aka haifa kurma, jibi a ce sai wanda iyayensa ma kurame ne. To ƙanin Maman Ilham da ya kurmance yana shekara bakwai, a wane layi zai tsaya? Yaron da iyayensa suka sa masa na'urar ji fa? Sannan mu yi wa kanmu adalci, a Amurka suna da buƙatar cewa kada a hukunta kowa, kuma aka cika musu. A nan ɗalibi ya sa hannu a takarda, sai ya tsinci sunansa a jerin waɗanda suka faɗi jarrabawa. Faɗan Baba ba na rashin fahimta ba ne, tsoro ne na uba.

Kurman Fagge ya rubuta:

Baban Khalifa, maganarka tana kan hanya, kuma ba zan ce babu masu irin wannan ra'ayin a cikinmu ba. Akwai su, na sha ganin an ware wanda bai ƙware a hannu ba, kuma ba na goyon baya. Amma ka dubi shi Jordan ɗin da suka yi murna da naɗinsa a 1988. Yana ji ya tashi, sai da ya kai shekara 21 ya yi haɗarin babur ya kurmance, yana magana da baki, kuma a manyance ya koyi yaren hannu. Da asali ake dubawa da ba su karɓe shi ba. Ya yi shekara 18 yana shugabanci.

Na 2006 kuwa, masu zanga-zangar ba su yarda da fassarar da Fernandes ta yi wa abin ba. Ita ba baƙuwa ba ce, shekara shida ta yi tana riƙe da harkokin karatu na jami'ar, sun san salon mulkinta, kuma malamai sun kaɗa mata ƙuri'ar rashin amincewa. Sun kuma yi kuka da yadda aka yi zaɓen, musamman da aka cire Glenn Anderson, baƙar fata kurma wanda ya daɗe yana shugabantar kwamitin amintattu, bai ko shiga ukun ƙarshe ba. Tim Rarus, ɗaya daga cikin jagororin 1988, yana cikin waɗanda aka kama a daren. Wane ne ya fi gaskiya tsakaninsu, har yau kurame suna gardama a kai. Ni abin da na ɗauka shi ne, zama kurma kaɗai ba ya wanke shugaba, dole ya saurari mutanensa. Bayan ita duk waɗanda suka hau kurame ne: Robert Davila, sai Alan Hurwitz, sai Roberta Cordano a 2016.

Batun tsoron Baba kuwa, gaskiya ne ɗari bisa ɗari. Ban ce yaran nan su rufe ƙofar makaranta ba. Takarda suka rubuta, kuma ita ce hanyar da ta dace.

Maman Ilham ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna amsar Kurman Fagge, wurin cin tuwon nan ya sa ta yi shiru, domin haka muke yi masa, har da ni. Na tambayi auta me suka rubuta a takardar. Ashe ba su ce a cire mutumin ba. Sun nemi ya koyi maganar hannu, a sa malami kurma ya zama mataimakinsa, a kuma ƙaro tafintoci, don wai tafinta ɗaya ne ke yawo tsakanin azuzuwa, in yana wani ajin sai su zauna suna kallon bakin malami har a tashi. Malam Abu Safwan, akwai wata doka a ƙasar nan da za su jingina da ita? Baba ya ce in da doka a bayansu hankalinsa zai fi kwanciya.

Abu Safwan ya rubuta:

Akwai, Hajiya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta ce makarantun gwamnati su tanadi ƙwararrun ma'aikata da kayan aikin da irin waɗannan ɗalibai ke buƙata, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa a 2020. Aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya, amma dokar tana nan, kuma neman tafinta a aji ba roƙon alfarma ba ne.

Shawarata gare su, su bi ta ƙungiyar ɗalibai kurame ta makarantar, kada mutum ɗaya ya zama shi ne fuskar abin. Su ajiye kwafin takardar mai hatimin ofishin da ya karɓa. Su rubuta darussan da suka wuce ba tafinta, da rana da sunan kwas, domin hukumar makaranta ta fi jin lissafi fiye da ƙorafi. Su sanar da reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa na jiharsu, su kuma nemi malami ko biyu da za su tsaya musu. In an kira su zama, su nemi a kawo tafintan da ba a ƙarƙashin sabon shugaban yake aiki ba, don kada a sa bawan Allah a tsaka mai wuya. Shi ma shugaban kada su ɗauke shi abokin gaba, wataƙila turo shi aka yi bai nema ba, kuma na ga irinsu da suka zauna suka koyi yaren cikin shekara guda suka zama masu amfani.

Ke kuma tunda yana gida hutu, ga malami har ɗaki. Ki ce ya fara miki da haruffan yatsu da gaisuwa da sunayen mutanen gida, ki jawo su Ilham, yara sun fi mu saurin ɗauka. In ya koma makaranta sai ku ci gaba ta kiran bidiyo.